Sitaci da faiba a abincin shanun tatsa

Saniyar da ake tatsa tana buƙatar abinci iri biyu masu jayayya da juna a cikin tumbinta: hatsi mai sitaci, kamar masara da dawa, da kuma ciyawa ko harawa mai zare-zaren da masana ke kira faiba.

Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi ne ke narkar da dukkansu. Abin da suke samarwa daga sitaci hanta ce ke mayar da shi sukari, kuma shi ne ke ƙara yawan nono. Daga faiba kuwa ake samun akasarin abin da saniya ke haɗa maiƙon nono da shi.

Haɗarin yawan hatsi

Idan hatsi ya yi yawa, tsami kan taru a tumbi. Ciyawa ce ke sa saniya tuƙa, har kimanin sa'o'i 8 a rana, yawun da take haɗiya kuwa, wanda kan zarce lita 100, shi ne ke kashe kaifin tsamin.

Da zarar tuƙa ta ragu, sai saniya ta fara tsallake ci, ta yi zawo, maiƙon nononta ya ragu, wani lokacin ma kofato ya yi ciwo ta riƙa ɗingishi. Abin takaicin shi ne nono kan ƙaru da farko, don haka mai shanu ba ya saurin farga.

Ma'auni

A shekarar 2001, Majalisar Binciken Kimiyya ta Amurka ta ba da shawarar kada faiba ya gaza kashi 25 cikin 100 na abincin, bayan an cire ruwan da ke cikinsa, kuma kashi 19 ya fito daga ciyawa kai tsaye.

Irin hatsin ma abin lura ne. Alkama da sha'ir sun fi masara saurin narkewa, dawa kuma ta fi jinkiri. Niƙa hatsi ya yi laushi na ƙara saurin, haka nan ciyawar da aka daddatse ƙanana ainun ba ta sa tuƙa sosai.

A arewacin Nijeriya da Nijar matsalar takan juya da rani: kara da busasshiyar ciyawa sun yi yawa, abinci mai sa kuzari ya yi ƙaranci. A nan dusa ce ke ceto, muddin aka fara ba da ita kaɗan-kaɗan har tumbi ya saba.