BABI NA UKU: FAYA-FAYAN ƘUNGIYAR THE CRICKETS, 1956 ZUWA 1969

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda kiɗan rok-an-rol ya kunno kai a ƙasar Amurka cikin shekarun 1950, daga cuɗanyar kiɗan baƙar fata da na Turawan karkara. A wannan babi kuwa za a dubi faya-fayan garmaho na ɗaya daga cikin ƙungiyoyin farko na wannan kiɗa, wato The Crickets, wadda Buddy Holly ya jagoranta. Ma'anar sunan ƙungiyar da Hausa shi ne gyare. Za a bi faya-fayan daki-daki, a ga inda aka ɗauki waƙoƙin, da kamfanin da ya buga su, da kuma mutanen da suka yi aikin. Manufar babin ita ce a nuna cewa sunan da aka rubuta a jikin faifai ba koyaushe yake bayyana wanda ya yi aikin ba. Saboda haka duk mai son ya kafa hujjar tarihi da faifai, wajibi ne ya tantance shi kamar yadda ake tantance kowace irin takardar tarihi.

3.1 Zangon Nashville (1956)

An haifi Charles Hardin Holley a garin Lubbock na jihar Texas ranar 7 ga Satumba, 1936. A farkon shekarar 1956 ya sami kwantaragi da kamfanin Decca, kuma a cikin takardar kwantaragin ne aka yi kuskuren rubuta sunansa Holly, shi kuma ya riƙe shi haka har ƙarshen rayuwarsa. A ƙarƙashin wannan yarjejeniya ya je birnin Nashville sau uku, a watannin Janairu da Yuli da Nuwamba, inda aka ɗauki waƙoƙinsa bisa jagorancin Owen Bradley.

A tsarin Nashville na wancan lokaci, jagoran ɗaukar waƙa shi ke da wuƙa da nama. Shi yake zaɓen yawancin makaɗa, shi kuma yake tsara yadda kiɗan zai kasance. Ƙananan faya-fayai biyu ne suka fito daga wannan aiki a shekarar, wato "Blue Days, Black Nights" da "Modern Don Juan", kuma babu wanda ya yi kasuwa a cikinsu. A watan Janairu na 1957 Decca ya ƙi sabunta kwantaragin. Sai dai akwai wani sharaɗi da ya rage a wuyan Holly: ba shi da izinin sake ɗaukar waƙoƙin da ya yi wa kamfanin har sai an shekara biyar. Daga cikin waƙoƙin akwai "That'll Be the Day", wadda aka ɗauka a watan Yuli na 1956 aka ajiye ba a fitar ba. Wannan sharaɗi shi ne mafarin duk ruɗanin sunaye da za a gani a gaba.

3.2 Zangon Clovis da Kafuwar Ƙungiyar (1957)

Bayan rabuwa da Decca, Holly da abokinsa makaɗin ganga Jerry Allison sun nufi garin Clovis na jihar New Mexico, mai nisan kimanin mil 100 daga Lubbock, inda Norman Petty yake da ɗakin ɗaukar waƙa. Petty ba ya lissafin kuɗi da awa kamar yadda ake yi a manyan birane, wanda hakan ya ba matasan damar su yi ta gwaji har sai waƙa ta yi musu yadda suke so. Ranar 25 ga Fabrairu, 1957 suka sake ɗaukar "That'll Be the Day".

Da yake sunan Holly ba zai iya fitowa a jikin faifan ba saboda sharaɗin da aka ambata, sai aka fitar da shi da sunan ƙungiya, wato The Crickets. Kamfanin Brunswick ne ya buga shi a watan Mayu na 1957. Abin mamaki a nan shi ne, shi kansa Brunswick reshe ne na Decca, wato kamfanin da ake gudun ya kai ƙara. A watan Satumba faifan ya hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan da suka fi ciniki na mujallar Billboard, sannan a watan Nuwamba ya yi makonni uku yana kan gaba a Ingila.

Mutanen da aka sani da 'yan ƙungiyar su huɗu ne: Holly mai waƙa da jita, Allison mai ganga, Niki Sullivan mai jita ta biyu, da Joe B. Mauldin mai kaɗa bas. Amma a waƙar da ta fito da sunansu, Larry Welborn ne ya kaɗa bas, domin Mauldin bai shigo ba sai bayan an gama ɗaukarta.

3.3 Suna Biyu, Ƙungiya Ɗaya

Daga tsakiyar 1957 an riƙa fitar da ayyukan waɗannan matasa da suna biyu. Waƙoƙin da aka sa wa 'yan amshi suna fitowa a Brunswick da sunan The Crickets, sauran kuma suna fitowa a Coral, wani reshen na Decca, da sunan Buddy Holly shi kaɗai. A ɓangaren Brunswick akwai "Oh, Boy!" da "Not Fade Away" a 1957, sai "Maybe Baby" da "Think It Over" da "It's So Easy" a 1958. A ɓangaren Coral kuwa akwai "Words of Love" da "Peggy Sue" da "Everyday" a 1957, da "Rave On" a 1958. "Peggy Sue" ta kai matsayi na uku a Amurka, "Oh, Boy!" kuma ta kai na goma. Ta fuskar kasuwanci wannan dabara ta yi amfani, domin gidan rediyo yana iya sa faya-fayai biyu na mutane ɗaya a shiri guda, yana ɗaukar su a matsayin na mawaƙa daban-daban. Ta fuskar tarihi kuwa ta rarraba aikin ƙungiya ɗaya, har ya zamana gangar Allison, wadda ita ce ƙashin bayan "Peggy Sue", tana cikin faifan da ba ya ɗauke da sunan ƙungiyarsa.

Manyan faya-fayai uku ne kacal suka fito Holly yana raye. Na farko shi ne The "Chirping" Crickets, mai waƙoƙi 12, wanda Brunswick ya fitar a watan Nuwamba na 1957. Na biyu shi ne Buddy Holly, daga Coral, a watan Fabrairu na 1958. Na uku, That'll Be the Day, Decca ne ya fitar da shi a watan Afrilu na 1958, kuma ba sabon aiki ba ne, tsofaffin waƙoƙin Nashville ne na 1956 aka tattara bayan da aka ga mawaƙin ya yi suna. Ke nan wanda ya jera faya-fayan bisa ranar fitowarsu zai ɗauki aikin farko a matsayin na ƙarshe.

Haka kuma, mai duba hoton mutum huɗu da ke bangon faifai na farko zai zaci su ne suke amshi. Alhali amshin da ke cikin mafi yawan waƙoƙin faifan wata ƙungiya ce daban mai suna The Picks ta yi shi, aka ɗora daga baya, kuma ba a rubuta sunanta a bangon ba.

3.4 Dabarun Ɗaukar Waƙa da Batun Mallaka

Ba za a musa gudummawar ɗakin Clovis ga waɗannan faya-fayai ba. A "Words of Love" an ɗauki muryar Holly, sannan aka sake ɗora muryarsa a kai, ya zama shi ne mai bayarwa shi ne mai rakiya. A "Everyday" Allison bai taɓa ganga ba, cinyoyinsa ya riƙa bugawa da tafin hannu, aka haɗa da wani ƙaramin abin kiɗa mai kama da fiyano da ake kira salesta. A "Not Fade Away" kuwa kwali ya buga. Irin wannan gwaji ba ya yiwuwa a wurin da ake biyan kuɗi awa-awa.

Sai dai kuma Petty ya riƙa sa sunansa cikin marubutan waƙoƙin, wanda hakan ya ba shi kaso a kuɗin mallaka. Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ita ce "That'll Be the Day". Sunansa yana jikin faifan Brunswick tare da na Holly da Allison, alhali an riga an ɗauki waƙar a Nashville wata bakwai kafin a ɗauke ta a Clovis. "Oh, Boy!" da "Rave On" ma Sonny West da Bill Tilghman ne suka tsara su, amma sunan Petty ya shiga. "Peggy Sue" kuwa ta fara fitowa ne da sunan Allison da Petty, ba a ƙara sunan Holly ba sai bayan mutuwarsa. Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bugu da ƙari, Petty shi ne manajan ƙungiyar, kuma kuɗinta ta hannunsa suke bi.

3.5 Rabuwa da Mutuwar Holly (1958 zuwa 1959)

Sullivan ya bar ƙungiyar a ƙarshen 1957, sauran ukun suka ci gaba, har suka yi rangadin Ostireliya da Ingila a farkon 1958. A watan Agusta na shekarar Holly ya auri María Elena Santiago, daga bisani ya koma birnin New York da zama. Ranar 21 ga Oktoba, 1958 ya ɗauki waƙoƙi huɗu a can tare da masu gogen Turawa ƙarƙashin Dick Jacobs, ciki har da "True Love Ways" da "It Doesn't Matter Anymore", wadda Paul Anka ya rubuta. Babu Allison ko Mauldin a wannan aiki. Kafin shekarar ta ƙare Holly ya raba gari da Petty, su kuma abokan nasa suka zauna tare da Petty, suka riƙe sunan ƙungiyar.

A watan Janairu na 1959 Holly ya fita rangadi da wasu sababbin makaɗa, wato Tommy Allsup da Waylon Jennings da Carl Bunch. Masu rubuta tarihinsa da dama suna danganta wannan fita cikin tsananin hunturu da ƙarancin kuɗi, sakamakon taƙaddamarsa da Petty. Ranar 3 ga Fabrairu, 1959 ƙaramin jirgin saman da ya ɗauko shi ya faɗi kusa da garin Clear Lake na jihar Iowa. Ya mutu yana da shekara 22, tare da mawaƙa Ritchie Valens da J. P. Richardson da matuƙin jirgin.

3.6 Faya-fayan Bayan Mutuwarsa

Bayan haɗarin faya-fayan sun rabu gida biyu. Gida na farko shi ne na ƙungiyar da ta ci gaba ba tare da Holly ba. Allison da Mauldin sun haɗu da Sonny Curtis da Earl Sinks, suka fitar da In Style with the Crickets a 1960, wanda a cikinsa ne waƙar Curtis mai suna "I Fought the Law" ta fara fitowa. A 1962 kuma an fitar da Bobby Vee Meets the Crickets a kamfanin Liberty.

Gida na biyu shi ne na ragowar muryar Holly. "It Doesn't Matter Anymore" ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a 1959, abin da ya nuna wa kamfanin cewa har yanzu akwai kasuwa. A watannin Disamba na 1958 da Janairu na 1959 Holly ya ɗauki wasu waƙoƙi a gidansa da na'urar tef, daga shi sai jitarsa, ciki har da "Peggy Sue Got Married" da "Crying, Waiting, Hoping". Coral ya ba Jack Hansen waɗannan ya ɗora musu kiɗa da amshi a 1959. Daga baya Petty ya yi irin wannan aiki da wata ƙungiya mai suna The Fireballs, aka samar da manyan faya-fayai kamar Reminiscing a 1963, Showcase a 1964, Holly in the Hills a 1965, da Giant a 1969. Wato an shekara goma ana sayar da sababbin faya-fayai da sunan mutumin da bai ji yawancinsu a siffar da suka fito ba, bai kuma amince da su ba. Sai a 1983 kamfanin MCA ya fitar da wasu daga cikin waƙoƙin ba tare da ƙarin ba, a faifan For the First Time Anywhere, sannan a 2009 aka tattara kusan dukkan abin da ya ɗauka a faya-fayan CD guda shida.

3.7 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa ainihin aikin da Holly da The Crickets suka yi tare bai kai shekara biyu ba, daga Fabrairun 1957 zuwa ƙarshen 1958, amma abin da aka buga da sunansu ya zarce haka nesa ba kusa ba. An ga cewa sharaɗin kwantaragi ne ya haifar da sunan ƙungiyar, dabarar kasuwanci ta raba aikinta gida biyu, sannan neman kaso ya shigar da sunan wanda bai rubuta waƙa ba cikin marubuta. Ita ma karramawa ta bi sawun abin da aka rubuta a jikin faifai, domin an shigar da Holly zauren karrama mawaƙan rok-an-rol a 1986, amma abokan aikinsa sai a 2012, shekara takwas bayan mutuwar Sullivan. Don haka, kafin a kafa hujja da kowane ɗaya daga cikin waɗannan faya-fayai, ya kamata a san ranar da aka ɗauki waƙar, da waɗanda suka kaɗa, da abin da aka ƙara daga baya. A babi na gaba za a dubi tasirin faya-fayan a kan matasan Ingila, musamman The Beatles da The Rolling Stones, waɗanda suka sake rera "Words of Love" da "Not Fade Away" a 1964.