Tarihin Mizanin Seleniyam a Abincin Kifin Salmon

A shekarar 1817 ne wani malamin ilmin sinadarai na ƙasar Suwidin, wanda ake kira Berzelius, yana cikin nazarin wata jar laka da ta kwanta a masana'antar yin asid ta Gripsholm, ya gano ma'adinin da ake ce wa seleniyam. Kuma tun daga wannan lokaci har aka shafe shekaru fiye da 100, abin da ya fi shahara game da shi shi ne guba ce. Makiyayan yankin Dakota a Amurka sun daɗe suna ganin dawakinsu gashin wutsiya yana zuba, kofato yana tsagewa har ya saluɓe, dabba ta koma kiwo a durƙushe, ba su san musabbabin wannan bala'i ba sai a shekarun 1930, da masu bincike suka tabbatar ciyawa da hatsin da suka tsiro a ƙasa mai yawan seleniyam ne asalin cutar. Saboda haka ba ƙaramin al'ajabi ba ne da wasu masu bincike biyu, Schwarz da Foltz, suka bayyana a 1957 cewa ɗan ƙanƙanin abu daga wannan guba shi ke kare hantar ɓera daga lalacewa, wato dai abin da yawansa ke halakarwa, rashinsa ma halaka ne.

Kiwon salmon a teku ya zo a baya. A 1970 wasu 'yan'uwa biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, suka zuba 'ya'yan kifi cikin kejin raga a gaɓar tsibirin Hitra na ƙasar Norwe, sana'ar da daga bisani ta zama ɗaya daga manyan hanyoyin arzikin ƙasar. A farkon al'amari ƙananan kifayen teku ake niƙa musu, daga baya aka koma garin kifi da man kifi, kuma da yake naman teku Allah Ya hore masa seleniyam mai yawa, mai kiwo bai cika damuwa da lissafinsa ba. Duk da haka, sa'ad da wata annoba mai sa zubar jini a cikin kifi ta ɓulla, wadda aka laƙaba wa sunan Hitra, wasu malamai sun yi zaton ƙarancin seleniyam da bitamin E ne sanadi, aka yi ta jayayya, har aka tabbatar a shekarun 1980 cewa ƙwayar cuta ce, aka samo mata rigakafi.

Mas'alar ta taso da gaske ne da abincin ya sauya. A 1990 kusan kashi 90 cikin 100 na abincin salmon a Norwe daga teku yake, amma zuwa 2013 ya sauko wajen kashi 30, waken soya da alkama da man tsirrai suka maye gurbin sauran. Alhali tsirrai, musamman na ƙasashen Turai masu ƙarancin wannan ma'adini a ƙasa (har ƙasar Finlan ta fara haɗa shi cikin takin zamani tun 1984), ba su ɗauke da shi kamar yadda kifi yake ɗauke da shi. Dokar Tarayyar Turai kuwa, wadda Norwe ke bi, ta yanka haddi ɗaya ga dukan dabbobi: in za a ƙara seleniyam, kada jimillarsa ta wuce miligiram 0.5 a kowane kilo na abinci.

Ban ga laifin masu tsoron ƙetare haddi ba, domin a shekarun 1970 ruwan tokar gawayi daga wata tashar lantarki ya gurɓata tafkin Belews a Amurka da seleniyam, har yawancin nau'o'in kifin da ke cikinsa suka ƙare, kuma duk abin da kifi ya ci a ƙarshe cikin ɗan Adam zai shiga. Sai dai binciken da malaman Cibiyar Nazarin Teku ta Bergen a Norwe suka yi a 'yan shekarun nan ya nuna salmon da ake ciyarwa da tsirrai yana bukatar abin da ya ɗan ɗara 0.5, yayin da alamun cutarwa ba su bayyana sai an ninka wannan adadi, kuma gishirin seleniyam ya fi saurin illa bisa wanda ke haɗe da furotin. A ganina wajibi ne a sake duban hukuncin, domin a halin da ake ciki, mai haɗa abinci da garin kifi mai yawa yana iya zarce 0.5 ba tare da ya saɓa doka ba, tunda bai ƙara kome da hannunsa ba, shi kuwa wanda ya dogara ga waken soya an hana shi cike giɓin da kifinsa ke bukata.