Cleve Abbott: Baƙon Da Ya Shekara 32 Yana Horar Da Yaran Tuskegee

Yau zan ɗan kauce daga maganar kasuwa, domin in kawo muku tarihin wani bawan Allah baƙar fata ɗan Amurka mai suna Cleve Abbott, wanda tunda na karanta labarinsa ya tsaya mini a rai.

An haife shi a garin Yankton na jihar Dakota ta Kudu, can arewacin Amurka inda baƙaƙen fata ba su da yawa. Ya kammala kwaleji a 1916, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1923 aka damƙa masa ragamar wasanni a makarantar Tuskegee da ke jihar Alabama, wadda Booker T. Washington ya fara jagoranta a 1881. A lokacin kuwa dokar wariyar launin fata ce ke aiki a kudancin ƙasar, har ta kai ga makarantun turawa ba sa yarda su kara da na baƙaƙe.

To, maimakon ya zauna yana kuka da halin da ya tarar, sai ya kama aiki. A ƙwallon Amurka, wadda ake runguma ana gudu da ita, ya ci wasa sama da 200. A 1927 ya kafa gasar gudun miƙa sanda ta Tuskegee, domin yaran makarantun baƙaƙe su samu filin da za su gwada kansu, tunda an rufe musu na wasu.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya buɗe wa 'yan mata ƙofa, a zamanin da ake ganin guje-guje da tsalle-tsalle ba nasu ba ne. A 1937 'yan matansa suka lashe gasar ƙasa baki ɗaya, kuma sau 14 suna ɗaukar wannan kambu. Cikinsu akwai Alice Coachman, yarinyar da ta taso tana gudu ba takalmi a jihar Jojiya, ta shigo Tuskegee a 1939. A gasar Olamfik ta Landan a 1948 ta tsallake sanda mai tsawon mita 1.68, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci lambar zinare. Duk da haka, da aka shirya mata biki a garinsu, turawa gefe suka zauna, baƙaƙe gefe.

Abbott ya rasu a 1955 yana kan aikinsa, aka sanya wa filin wasan makarantar sunansa. Ni dai tambayar da nake yi wa kaina ita ce: mu da muka daɗe a garin mutane, bayan shago da kaya, me za mu bar wa yara a wurin? Allah ya sa mu dace, amin.