Manyan 'Yan Damben da Kalangu Bai Riske Su Ba

Tambayi duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar Hausa ya kira maka sunan ɗan damben da, kafin ka rufe baki zai ce Shago. Ka ce ya ƙara, zai ce Ɗandunawa. In ya yi nisa a harkar ya haɗa da Ado Ɗan Kore, daga nan kuma sai ya fara sosa ƙeya. Ba wai maza uku kaɗai suka ɗaura hannu a wancan zamani ba. Waɗannan su ne sunayensu suka biyo ta bakin Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin dambe na ƙasar Sakkwato, rediyon Kaduna ta ɗauka ta watsa, kaset ya kai su kowace rumfar mai shayi da kowace tashar mota. Sauran kuwa, waɗanda suka cika fage a garuruwansu har ana rufe kasuwa don a je kallonsu, an binne su tare da labarinsu.

Ni ɗan gidan fawa ne a Potiskum, kuma a gidan fawa dambe ba wasan kallo ba ne kawai, gado ne. Garinmu ba nan ne mahaifar dambe ba. Ƙasa ce ta Ngizim da Karekare da Bolewa, inda fadar Mai Fika ta dawo da zama a 1924. Amma gari ne na hanya da kasuwa. Titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa shi, ga hanyar Bauchi, ga ta Gombe, ga ta Gashuwa, ga kuma kasuwar shanun da ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Inda shanu suka taru dole mahauta su taru, inda mahauta suka sauka kuwa kalangu na biye da su. Haka iyayenmu suka gaya mana: dambe ya shigo ne a bayan rundawa da 'yan cirani daga yamma, ya zo baƙo ya zama ɗan gari.

A da, lokacinsa kaka ne. An yanke gero, an cika rumbu, aljihun manomi ya yi nauyi. Sai a ji ayarin 'yan dambe ya sauka, da makaɗansu da yaransu, kuma masaukinsu na wuyan mahautan gari. Aikina a cikin wannan hidima ɗaurin hannu ne, kuma wanda bai taɓa zama gaban ɗan dambe ana shirya shi ba bai san abin da ake kira dambe ba. Zai zauna a kan tabarma ya miƙo maka hannun da yake bugu da shi, ya dunƙule. Ka fara naɗe shi da tsumma, sannan ka bi da zare tun daga wuyan hannu, kana ja kana matsewa, shi kuma yana gaya maka inda ya yi sako-sako. Wani za ka ga sabuwar tsaga a damtsensa an shafa magani, wani ya ciro laya ya ce ka cusa ta ƙarƙashin ɗaurin. A wannan lokaci ba a hira. Da an kaɗa takensa daga fage, za ka ji jijiyar hannun ta motsa a tafinka tun mutumin bai miƙe ba.

Ƙa'idar wasan ba ta da yawa. Hannu ɗaya na bugu, ɗayan a buɗe yana tsare fuska. Turmi uku ake yi. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, in kuma aka kai ƙarshe kowa na tsaye sai a ce babu kisa. A wancan zamani babu sikeli, babu wanda ke auna nauyin kowa. Yara ke buɗe fage da la'asar, matsakaita su biyo, sai rana ta yi ja sannan manya su fito. Babban ɗan dambe zai zagaya fage yana kirari, ya tsaya gaban ɓangaren abokan hamayya ya miƙa hannu. Wanda ya ji zai iya ya taso.

A nan ne matsalar take, kuma ita ce asalin mantuwar da nake magana a kanta. Mutumin da ya fi kowa hannu shi ne ya fi kowa rasa abokin karawa. Ƙato ne, an san abin da ya yi wa wane a garin da aka baro, saboda haka in ya miƙa hannu sai kowa ya sunkuyar da kai. Ya zagaya har makaɗa su gaji, a kwance masa ɗauri ya koma masauki bai buga ko sau ɗaya ba. Makaɗi kuwa abu biyu yake bi: karawar da za a daɗe ana labarinta, da kuma kyauta. Shago ya samu Ɗandunawa, ya kuma samu Ɗan Anace. Wanda ake tsoro har aka ƙi fito masa, ga shi talaka ba shi da ubangidan da zai yi wa makaɗi riga da kuɗi a madadinsa, ba shi da ta inda zai shiga waƙa. Ƙari a kan haka, na'urar ɗaukar murya tana can Kaduna da Kano da Sakkwato. Wanda ya yi tashensa a kasuwannin gabas, tsakanin Azare da Gashuwa da Potiskum, ko an yi masa waƙa a fage iska ce ta tafi da ita.

Akwai wani tsoho a mahautarmu da ya tsufa yana gyaran kayan ciki. Yatsun hannunsa na dama sun karkace, ba ya iya riƙe wuƙa sai da hagu, kuma sai ka matso kusa da kunnensa kafin ya ji ka. Yara na wuce shi ba ko sannu. Wata rana da aka tashi daga aiki na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, a zamaninku wa ya fi kowa?"

Ya ce, "Ɗana, wanda ya fi kowa ba ka taɓa jin sunansa a rediyo ba."

Sai ya ba ni labarin wani bahago da yake zuwa daga arewa kowace kaka, ba ya kirari, ba ya tsalle, yana tsayawa ne kawai ya jira ka yi kuskure. Ya nuna mini yadda mutumin yake sauke kafaɗa kamar ya gaji, kai kuma ka ruɗu ka kawo hannu, kafin ka janye ya riga ya same ka a muƙamuƙi. Yana nunawa da wannan karkataccen hannun, ƙafarsa na gyara tsayuwa da kanta. Na ce, "Baba, kai ma ka fito masa?" Ya shafa haɓarsa ya ce, "Na fito, kuma ban yi nadama ba. Faɗuwa a hannun irinsa ta fi kisan yara goma." Wannan tsoho ya rasu. Rabin tarihin damben yankinmu yana cikin kansa, babu wanda ya zo da takarda ko rakoda ya zauna da shi.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A damben zamani ma, ajin masu nauyi cike yake da mazan da tsoronsu ya hana su kambu. Sam Langford, baƙar fata haifaffen Kanada, ya kara da Jack Johnson a 1906 ya sha kaye da maki bayan turmi 15, alhali Johnson ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Da Johnson ya zama zakaran duniya a 1908 bai sake yarda sun haɗu ba. Harry Wills ya shekara da shekaru yana jiran Jack Dempsey, ba a taɓa ba shi dama ba, kuma launin fatarsa na cikin dalilai. Joe Jeanette da Sam McVey sun yi turmi 49 a birnin Paris a 1909, karawar da har yau ake sa ta cikin mafiya tsanani a tarihi. Langford ya ƙare makaho cikin talauci a unguwar Harlem ta New York, sai a 1944 wani ɗan jarida mai suna Al Laney ya bi sawunsa ya gano shi, ya rubuta labarinsa, jama'a suka tara masa abin da ya rufa masa asiri har rasuwarsa a 1956.

Ko a gida Najeriya, matashin yau ya san Anthony Joshua, wataƙila ya tuna Samuel Peter da ya ci kambun duniya na masu nauyi a Maris ɗin 2008. Amma mutum nawa ne za su iya tuna David Izonritei da Richard Igbineghu, waɗanda suka kawo wa ƙasar nan lambobin azurfa biyu a ajin manya daga gasar Olamfik ta Barcelona a 1992? Ko Duncan Dokiwari da ya ci tagulla a Atlanta a 1996, shekarar da murnar zinaren ƙwallon ƙafa da na Chioma Ajunwa ta rufe komai? Bambancinsu da namu ɗaya ne, amma babba ne. Su an rubuta. Ranar kowace karawa, da sunan abokin karawa, da yadda ta ƙare, duk suna ajiye, ko bayan shekara ɗari mai nema zai samu. Namu kuwa in baki ya rufe, shi ke nan.

Duk da haka 'yan dambe ba su zauna haka kawai ba, sun yi wa kansu dabarar adana magabata, kuma dabarar tana cikin sunan da suke fita fage da shi. Yaro ba ya shiga dambe da sunan yanka kaɗai. Yana shiga ne da sunan wanda ya rene shi: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane, Dogon wane. Wanda ya ji ana kiran Autan Sikido ya ji Sikido. Wanda ya ji Garkuwan Cindo ya ji Cindo, haka Bahagon Sanin Kurna, haka Ali Ƙanin Bello. Wani lokaci sunan yakan yi hawa biyu ko uku, har mai shela ya ambaci yaro da ubangidansa da ubangidan ubangidansa a numfashi ɗaya. Kuma ba suna kaɗai ake gada ba. Mai ido zai gane gidan da yaro ya fito daga yadda yake dasa ƙafa, da yadda yake riƙe garkuwarsa, da irin ɗaurin da yake so. Sauke kafaɗar nan da tsohon mahautarmu ya nuna mini, na sha ganin ta a jikin samarin da ba su san daga inda ta samo asali ba. Sai dai wannan silsila ba ta wuce hawa uku. Daga nan sunan farko yake faɗuwa, kuma wanda bai yi sa'ar yaro mai tashe ba tun a hawan farko yake ɓacewa.

Dambe ya sauya a idonmu. Ya tashi daga wasan kaka ya koma sana'ar kullum, a gidajen da aka kewaye ana yankar tikiti: dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano, gidan Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, da sauransu har Legas. An kasu ɓangare uku, Kudu da Guramada da kuma Arewa wadda ake kira Jamus, kowane da magoya bayansa. Ana sa gasar babur, ana sa ta mota. Dambe ya shiga gasar wasanni ta ƙasa, sikeli ya shigo, an raba aji-aji, ƙato ya daina rasa abokin karawa. Sashen Hausa na BBC ya riƙa kawo sakamakon damben safiyar Lahadi, sannan tashoshin YouTube irin su Dambe Warriors suka kai wasan gaban miliyoyin mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Yaron da ya yi kisa yau da yamma, kafin isha'i an gan shi a waya a Yamai da Jidda da Landan. Na yi murna da wannan ƙwarai, domin guminsu ya cancanci haka.

Mu a Potiskum mun biya wani farashi na daban. Bayan harin da aka kai kasuwar shanu a watan Mayun 2012, da dokar ta-ɓacin da aka sa wa Yobe da Borno da Adamawa a 2013, taron yamma ya zama abin tsoro. Kalangu ya yi shiru, baƙi suka ɗauke ƙafa, dandalin hirar da tsofaffi ke baje labari ya watse. A daidai shekarun da wayar hannu ta fara ɗaukar komai, mu muna kulle a gida, kuma a cikinsu ne dattawan da suka ga wancan zamani da idonsu suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda suka rage ba su da yawa, amma suna nan. Suna mahauta, suna bakin tukubar tsire, suna gadi a tashar manyan motoci. Aikin da ke gabanmu bai fi ƙarfinmu ba. Ɗaliban Hausa da na tarihi a kwalejojin Potiskum da jami'ar jiha da ke Damaturu su ɗauki waya su zauna da su, su tambaye su wa ya ɗaura musu hannu, wa suka kashe, wa ya kashe su, a wane gari, a zamanin wane sarki. Sarakunan fawa sun san gidan kowa, su za su yi jagora. Gidajen rediyon jiha su ware wa wannan hira lokaci ko da sau ɗaya a mako. Masu gidajen dambe da masu ɗaukar bidiyo, waɗanda ke cin abinci da wasan da waɗannan bayin Allah suka raya da haƙoransu da idanunsu, su cire wani abu daga kuɗin ƙofa domin maganin tsofaffin 'yan dambe. Kuma duk ranar babbar gasa, kafin a kaɗa taken kowa, mai shela ya kira sunayen mazan garin da suka riga mu gidan gaskiya, a yi musu addu'a. Hakkinsu ne a kanmu, kuma a fara da wanda ya fi tsufa, domin shi ne ba zai jira mu ba.