Facin Gaggawa: Abin da Tarihin Tukunyar Tururi Ya Koya Mini

Waɗanda muke haɗuwa da su a masallacin Agege sun san aikina: ni ne foman na masu walda da masu haɗa bututu a wani kamfani a Ikeja, inda muke kula da boila, wato babbar tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi. Kwanakin baya wani bututu ya tsage, injuna suka tsaya, manaja ya ce a liƙa faci a kunna wuta kafin asuba. Na ƙi. Yarana ma sun ga kamar taurin kai ne, shi ya sa na zaunar da su na ba su wannan tarihi.

A watan Afrilun 1865 wani jirgin ruwa mai suna Sultana ya tsaya a garin Vicksburg, a kogin Mississippi na Amurka, tukunyarsa ɗaya tana yoyo. Makanikin da aka kira ya ce a yanke ƙarfen da ya lalace a sa sabo, amma hakan zai ci kwanaki, ga kuma lodin sojoji na jira. Sai aka yi faci aka tashi. Ranar 27 ga wata, kusa da Memphis, tukwanen suka fashe, sama da mutum 1,100 suka hallaka. A 1905 kuma boila ta fashe a wata masana'antar takalma a garin Brockton, ta kashe mutum 58. Irin waɗannan masifu ne suka sa ƙungiyar injiniyoyi ta ASME ta rubuta ƙa'idojin ƙera boila a 1914, kuma da jikokin wannan kundi muke aiki har yau.

A nan gida, jirgin ƙasa ne ya yaɗa wannan sana'a. Layin dogo ya tashi daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, shi ne ma ya riƙa sauko da kakanninmu da goro ya kira su Kudu. Kowane kan jirgi a lokacin tukunya ce a kan taya. An gano kwal a yankin Udi a 1909, aka ja layi daga Fatakwal zuwa Enugu a 1916 don kwaso shi. A ma'aikatar reluwe ta Ebute Metta mutane da yawa suka koyi gyaran tukunya. A zamanin, da ƙusoshi ake haɗa farantan ƙarfe: a gasa ƙusa ta yi ja, a zura a rami, a buge kanta da guduma. Daga baya walda ta maye gurbinsu. Tashar lantarki ta Ijora ta fara aiki a 1923, sai Egbin da ke kusa da Ikorodu a tsakiyar shekarun 1980, mai tukwane 6 da ƙarfin megawat 1,320.

To, mai karatu zai ce ina haɗarin yake? Ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan ninki 1,600. In ƙarfe ya ɓalle, ruwan zafin da ke matse a ciki zai juye tururi nan take. Shi ya sa bayan babban gyara ake cika tukunyar da ruwa ba tare da wuta ba, a matsa shi fiye da yadda take aiki kullum. Ruwa ba ya matsuwa, don haka in akwai rauni ɗiga kawai zai yi. Aikin foman ke nan: ya tabbatar an rufe bawul an sa kwaɗo, sandar walda a bushe take, mai waldar ya ci jarrabawarsa, an kuma ɗauki hoton ɗinkin.

A ƙarshe mun yanke bututun muka sa sabo, aikin ya ci kwana biyu. Da muka gwada da ruwa sai ga wani na kusa da shi yana ɗiga, wanda babu wanda ya lura da shi. Manaja bai ce mini komai ba, ni ma ban tanka ba.

Shawarata ga iyaye a Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan: tun da aka hana acaba a wasu sassan Ikko a 2022 yaranmu da yawa suna zaune. A tura su koyon walda da haɗa bututu, su nemi takardar shaida, su kuma koyi cewa "a'a" idan aka matsa musu su yi aikin gaggawa. Allah Ya tsare mu, Ya ba mu halal. Amin.