Maganar Mata da Maganar Maza: Bitar Ra'ayoyin Malaman Harshe Bisa Ma'aunin Alkunya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin manyan ra'ayoyin da malaman ilimin harshe suka kafa game da dangantakar jinsi da magana daga 1922 zuwa 1992, sa'an nan ta gwada su da al'adar alkunya ta Hausawa, domin ta nuna cewa abin da yake tsara lafazin mutum shi ne matsayinsa a gaban wanda yake yi wa magana, jinsi kuwa rukuni ɗaya ne cikin rukunan wannan matsayi.

Mas'alar da saɓanin malamai

Ya wajaba tun da fari a raba mas'aloli biyu waɗanda galibi akan cuɗanya su, wato jinsin da yake cikin nahawu, wanda malaman Larabci suke kira muzakkar da mu'annas, da kuma yadda maza da mata suke sarrafa harshe a mu'amalarsu. Hausa tana rarrabe kai da ke, shi da ita, alhali Fulatanci da Yarabanci da Farisanci lamiri guda suke yi wa namiji da mace, amma babu mai hankalin da zai ce matan Farisa sun daidaita da mazansu albarkacin lamiri. Bahasinmu a kan mas'ala ta biyu yake.

Otto Jespersen, mutumin Danmak, ya keɓe wa mace babi a littafinsa na 1922, inda ya yi da'awar cewa kalmominta ba su kai na namiji yawa ba, kuma takan bar jimla ba ta ƙarasa ba. Da yake da yawa daga hujjojinsa daga hikayoyin da maza suka wallafa ya ciro su, ba sai mun daɗe a kansa ba. Wadda ta buɗe ƙofar bincike a haƙiƙa ita ce Robin Lakoff ta Jami'ar Kalifoniya, wadda a 1975 ta ce ana tarbiyyar 'ya mace a kan magana mai rauni, mai yawan sassautawa da neman tabbaci a ƙarshen jimla, irin “ko ba haka ba?”, sa'an nan a juyo a kafa hujja da wannan raunin a hana ta shugabanci. Ita da kanta ta bayyana cewa da kunnenta da tunaninta ta dogara, saboda haka almajirai suka bazama da na'urar ɗaukar magana domin su tabbatar ko su rushe.

A shekarar nan ta 1975 Don Zimmerman da Candace West suka ƙidaya katsalandan a hirarraki 11 tsakanin namiji da mace, suka sami 48, waɗanda 46 daga cikinsu maza ne suka yi, aka gina mazhabar rinjaye a kan irin wannan, mai cewa bambancin magana inuwar bambancin iko ce. Amma hujjar da na fi ganin ƙarfinta ita ce ta William O'Barr da Bowman Atkins, waɗanda suka saurari shaidu a kotun Karolina ta Arewa, suka bayyana a 1980 cewa siffofin da Lakoff ta jingina wa mata sun yi ƙaranci a bakin mace mai ilimi da muƙami, sun kuma yawaita a bakin namiji talaka wanda kwarjinin alƙali ya kama shi. Daga baya Daniel Maltz da Ruth Borker a 1982, da Deborah Tannen a 1990, suka zo da mazhabar bambanci, suka ce yara maza da mata a rukuni dabam-dabam suke wasa, kowanne ya tashi da ladubban hirarsa, rashin fahimta ke nan ya shiga tsakani. Ra'ayi ne mai daɗin ji, illarsa ita ce ya kau da kai daga tambayar wane ne yake da ikon yanke hukunci idan an saɓa.

Babban aibin waɗannan mazhabobi, a ganina, shi ne ƙiyasin duniya duka a kan Turawan Amurka da Ingila masu matsakaicin hali. William Labov a New York da Peter Trudgill a Norwich sun sami mata sun fi maza riƙo da lafazin da ake ganin ƙimarsa, har aka ɗauki wannan kamar ijma'i, sai ga shi a Alƙahira da Amman maza ne suka fi furta harafin ƙaf irin na Larabcin Fusha. Muhammad Hassan Ibrahim ya warware wannan a 1986 da cewa Fusha harshen makaranta da mumbari ne, mata kuwa lafazin birni suke bi, wanda shi ne mai daraja a hirar yau da kullum. Haka kuma Elinor Keenan ta nuna a 1974 cewa a wani ƙauyen Madagaska maza ne masu kewaye-kewaye da lulluɓe magana, mata su ne masu faɗin gaskiya tsirararta da yin ciniki da tsawatarwa.

Ma'aunin alkunya

To, idan muka shigo da waɗannan ra'ayoyi cikin gidan Bahaushe, abin da zai fara tarar su shi ne matar da ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce maigida ko malam, wadda kuma idan aka raɗa wa ɗanta sunan surukinta sai ta koma kiransa Abba ko Baba har ya girma. Mai bin Lakoff zai ce rauni ne, mai bin mazhabar rinjaye zai ce danniya ce, kuma ba na musun cewa akwai fifiko a ciki, tun da yake mijin yana iya kiran nata sunan ba a ga laifinsa ba. Sai dai wannan miji, ranar da ya je gaida surukansa, shi ne zai tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, ya sassauta murya, ya kasa haɗa ido, ya ce “kun wuni lafiya?” ga tsohuwa guda ɗaya, da jam'in girmamawa wanda a cikinsa ba a rarrabe namiji da mace, shi ne kuma, kamar matarsa, yake jin nauyin ambaton sunan ɗansa na fari. Matar nan kuwa mai sunkuyar da kai, a saurare ta da yamma tana wasa da ƙanin mijinta ko da taubashinta, ko tana sakar wa kishiya habaici a bakin murhu ba ta kama suna ba, ko tana ja da dillaliya a kan kuɗin atamfa, a ga ko za a sami ɓurɓushin rauni a harshenta. Mutum ɗaya ne, yini ɗaya, abin da ya sauya shi ne wanda yake gabanta da haƙƙin da yake tsakaninsu. Ilimi ma yana da nasa rabo, domin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, da aka buɗe mata ƙofar karatu ta yi nazamu da Larabci da Fulatanci da Hausa a fannonin da ake ɗauka na maza ne.

Wannan ya sa na fi karkata ga Penelope Eckert da Sally McConnell-Ginet, waɗanda a 1992 suka yi kira da a bar tambayar yadda mata suke magana a dunƙule, a koma ga jama'ar da aiki ɗaya ya tara, a ga yadda jinsi yake cuɗanya da shekaru da sana'a da daraja a cikinta. A wurinmu wannan yana nufin makarantar Islamiyya ta matan aure, da gidan biki, da majalisar dattawa a ƙofar gida, da rumfar kasuwa, kowanne a nazarce shi da kansa, a kuma bi mai magana ɗaya daga wannan zuwa wancan. Sharaɗin haka shi ne a sami mata masu bincike, domin namiji baƙo iyakarsa zaure. Labarin Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954, bai samu ba sai don marubuciyarsa, Mary Smith, mace ce, ta zauna da tsohuwar tana rubuta abin da take faɗa, a lokacin da mijinta M. G. Smith yake nazarin sarautar Zazzau a wajen maza.