Bosso da Jami'ar Fasaha ta Minna: Nazarin Zaman Gari da Makaranta

Bosso ta girmi jami'ar da ta yi mata suna nesa ba kusa ba. Tsohon gari ne na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, mai sarautarsa tun zamanin da Paiko da Kuta da Maikunkele kowace ke cin gashin kanta. A ƙarni na 19 hare-haren Umaru Nagwamatse da zuriyarsa ta Kwantagora sun tilasta wa ƙauyukan wannan yanki fakewa a gindin duwatsu, shi ya sa har yau tsofaffin matsugunan suke jingine da tsauni. Noman doya da dawa shi ne sana'a. Bayan da layin dogo na Baro zuwa Kano ya kammala a 1911, Minna ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, ta cika da Hausawa, Nufawa, Yarbawa da Ibo, Bosso kuwa ta koma ƙauyen bakin hanyar Zungeru mai kai wa sabon birnin abinci da itace, daga baya har da ruwan sha daga madatsarta.

Abu biyu suka sauya wannan hali. Na farko, ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 da mayar da Minna babban birninta, abin da ya kawo ma'aikatan gwamnati da rukunin gidaje irin su Bosso Estate da Bosso Low-cost. Na biyu, kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a watan Fabrairun 1983, cikin jerin jami'o'in fasaha bakwai na gwamnatin Shehu Shagari. Ba a gina mata sabon mazauni ba, an ɗora ta ne a kan gine-ginen tsohuwar Kwalejin Horar da Malamai ta Gwamnati da ke Bosso, Farfesa J. O. Ndagi ya zama shugabanta na farko. A 1984 gwamnatin soja ta haɗe huɗu daga cikin bakwai ɗin, wato na Bauchi, Makurɗi, Yola da Abekuta, da manyan jami'o'i. Ta Minna na cikin ukun da suka tsira, tare da ta Akure da ta Owerri. Da an haɗe ta a lokacin, da labarin Bosso ya sha bamban.

A Amurka akwai ƙananan garuruwa da jami'a ce ginshiƙinsu, kamar Ithaca mai Jami'ar Cornell, ko Manhattan ta Jihar Kansas, wadda jami'arta ta taimaka wajen kafa tsangayoyin aikin gona da likitancin dabbobi a Samarun Zariya a shekarun 1960. Da dama daga cikin irin waɗannan makarantu sun samo asali daga dokar 1862 da ta ba jihohi filaye su kafa kwalejojin noma da sana'a, gari da makaranta suka taso kafaɗa da kafaɗa. Lamarin Bosso daban ne. Jami'a ta zo ta tarar da gari da hakiminsa da gonakinsa, ta shiga harabar da aka tsara domin 'yan ɗaruruwan ɗalibai, ta riƙa ɗaukar dubbai. Ɗakunan kwanan makaranta ba su taɓa wadatarwa ba, sai ragowar suka kwarara cikin unguwanni.

Daga nan tattalin arzikin haya ya samo tushe, kuma a ganina shi ne ainihin abin da jami'ar ta dasa a Bosso, fiye da kowane binciken kimiyya. Magidanci mai fili a bayan gida ya jera ɗakuna, ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a loji, gonakin da ke tsakanin tsohon gari da Okada Road da Tudun Fulani suka rikiɗe suka zama fuloti. Ɗalibi kan biya kuɗin shekara guda dunƙule, ga na dillali a kai. Wanda ya riƙe filinsa ya gina, ya ci riba. Wanda ya sayar tun da wuri da araha, sau da yawa manomin da ya gaji filin kaka da kakanni, yana ji yana gani baƙo ke karɓar haya a inda ubansa ya yi kunyar doya.

Duk wanda ya tsaya a ƙofar harabar Bosso bayan magariba zai ga sauran rassan wannan ciniki. Mai shayi ya tara ƙwai a kan tebur yana soya indomi kasko biyu a lokaci guda, mai tsire na fifita garwashi, mai POS na zaune ƙarƙashin lema, janareta na ruri a shagon buga takardu inda 'yan ajin ƙarshe ke jiran a ɗinke musu kundin bincike. Ana ciniki da Hausa, ana mayar da amsa da Turancin buroka, wani ya tsoma Yarbanci ko Nufanci, ba wanda ya damu. Wannan cuɗanya ba ƙaramar riba ba ce, domin jami'ar tarayya ce mai tara 'ya'yan kowace jiha, kuma masallatai da coci-coci na unguwa sun saba da baƙin fuska. Saɓani bai rasa ba: kiɗa da tsakar dare, shigar da dattawan unguwa ba sa so, ɓarayin waya da kwamfuta masu bin lojin ɗalibai. Akasari mai unguwa da 'yan banga ke kashe wutar kafin ta kai ga hukuma.

Amma baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020, wanda ya haɗu da kullen korona, da na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun nuna iyakar kasuwar da ta dogara da kalandar makaranta. Shaguna sun rufe, masu Keke Napep sun koma neman fasinja a Mobil da Kpakungu cikin Minna, haya ta ƙare ɗakuna na kulle da kayan mutane a ciki, aka shiga ja-in-ja kan wa zai biya watannin da ba a zauna ba.

Babban sauyin ma ya riga waɗannan. A shekarun 2000 hukumar jami'a da manyan tsangayoyi suka koma mazaunin dindindin a Gidan Kwano, a hanyar Bida, fili mai faɗin sama da hekta 10,000. Harabar Bosso ba ta mutu ba, karatu na gudana, motocin ɗalibai na kai-kawo tsakanin wuraren biyu safe da yamma, sai dai tun cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya sa da yawa sun gwammace su kama ɗaki kusa da aji. Bosso ta jure saboda ta riga ta haɗe da Minna: ɗakin da ɗalibi ya bari, ma'aikaci ko wanda rashin tsaro ya koro daga Shiroro ko Munya zai kama. Gidan Kwano da maƙwabtanta irin su Dama da Gidan Mangoro ba su da wannan madogara. A can ne tarihin ke maimaita kansa da sauri, benayen loji a tsakiyar gonaki, ba tsararren titi, ba magudanar ruwa, kowane gida da rijiyar burtsatsensa.

Harabobin biyu duk a Ƙaramar Hukumar Bosso suke, mai hedikwata a Maikunkele, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 147,359. Jami'ar kuma tana da sassan tsara birane, safiyo da kula da gidaje da filaye, ga gidan rediyonta na Search FM da ake saurare a cikin gari. Ya kamata ƙaramar hukuma, masarautar Minna da waɗannan sassa su zauna su fitar da taswirar Gidan Kwano, su yi rajistar lojoji, su kuma wayar da kan masu gonaki kan bayar da fili jingina ko haɗin gwiwa maimakon sayarwa, tun sauran gonakin da ke kan hanyar Garatu ba su bi sahu ba.